Bayan An Ɗaure Murfi

Duk wanda ya saba sayen zoɓo ko kunun zaki a tasha da yammaci ya san abin da zan faɗa. Ka ɗauko gora daga cikin kula, ka ji ta yi tauri a hannu, ka murɗa murfi ta ce fiss, kumfa ta taso har ta jiƙa maka yatsu. In ka yi magana, mai talla zai ce maka sanyin ƙanƙara ne, ko ya ce citta ce ta yi yawa. Ko ɗaya babu. Wani abu ne mai rai a cikin gorar yake cin sukarin yana fitar da iska, kuma tare da iskar yana fitar da wani abu na biyu wanda ba ma son a ambace shi kusa da kayan buɗa baki. An koya mana wannan a sakandare, mun rubuta a jarrabawa, mun manta. Inda ya zauna mini a kai shi ne a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani tsohon Bature, ranar da yake ɗura giyarsa ta farko a kwalabe.

A Sheffield ne, garin maƙeran ƙarfe na Ingila, lokacin da karatu ya kai ni can. Mai gidan da nake haya dattijo ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'antar ƙarfe. Da ya yi ritaya 'ya'yansa suka ga zaman kaɗaici zai cinye shi, sai suka sayo masa ƙaton bokitin roba da gwangwanin haɗin giya da ɗan littafin bayani. A can wannan ba laifi ba ne a doka. Tun 1880 sai da lasisi mutum yake dafa giya a gida, har zuwa 1963 da ministan kuɗi Reginald Maudling ya soke lasisin. Amurkawa ma sai a 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba su wannan dama. Dattijon ya san ba na sha, mun yi wannan magana tun makon da na tare, kuma bai taɓa miƙo mini ba ko da wasa. Ni ma ban taɓa ɗaukar masa kwalba ko ɗaya ba. Injin wanki ne ya haɗa mu a ƙasan, ina zaune a kan matakala ina jiran kayana su fito, shi yana nasa aiki.

Abin da na fara lura da shi, aikin kusan duk wanki ne. Ruwan da ke cikin bokitin lita 23 ne, wanda zai cika kwalba 40, kuma kwalaben nan tun daren jiya ya jiƙa su. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da dogon buroshi, yana ɗaga kowace zuwa fitila yana leƙa gindinta. Wadda ya ga ɗigon baƙi a ciki ya mayar da ita ruwa, wadda bakinta ya ɗan ɓantare ya jefa ta a shara. Sannan ya zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta ya girgiza, ya ɗauraye, ya kife. Tiyo ma haka, mazurari haka, cokali haka, har murafun da ya ɓare daga leda sababbi fil sai da ya tsoma su. Hantsi ya wuce bai ɗura ko ɗigo ba.

Na ce masa, "Baba, wannan wanki ai ko ɗakin tiyata sai haka."

Bai ɗago ba ya ce, "Yaro, abincin da ke cikin bokitin nan ba ni kaɗai nake sonsa ba. Duk abin da ya riga ni shiga kwalbar, shi zai ci."

Daga nan ya ɗauko wani siririn gilashi mai gindi da nauyi, ya saka shi a cikin ɗan ruwan da ya ɗebo, abin ya tsaya yana lilo. Ma'aunin kaurin ruwa ne. Ruwan sha zalla yana nuna 1.000. Ruwa mai sukari ya fi nauyi, don haka ma'aunin yake tasowa sama. Ranar da ya haɗa bokitin ya karanta 1.040, ya rubuta da fensir a jikin bango. Yis ya yi ta cin sukarin, lambar tana sauka, har ta tsaya a kusa da 1.010. Littafin ya ce kada a ɗura sai lambar ta tsaya cak kwana biyu ko uku a jere, shi kuwa mutumin da ya yi shekaru yana auna zafin narkakken ƙarfe ba ya wasa da lamba. Kumfar saman bokitin ta kwanta tun tuni, ido zai ce an gama. Shi bai yarda da ido ba.

Sai kuma ya yi abin da ya ɗaure mini kai. Bayan duk wannan jira don sukari ya ƙare, ya ɗauko sukari ya zuba rabin ƙaramin cokali a kowace kwalba, yana share kan cokalin da wuƙa don kada ya yi tozo. Ya yi mini bayani. Yis yana raba sukari kusan gida biyu daidai, rabi ya zama barasa, rabi ya zama iskar gas. A bokiti iskar tana da hanyar fita. A kwalbar da aka rufe ba ta da inda za ta, sai ta narke cikin ruwan, ita ce kumfar da masu sha ke nema. Rabin cokali yana ba da kumfa. In aka ninka shi, ko aka ɗura tun yis bai gama da sukarin farko ba, kwalbar ce za ta biya. Ya ba ni labarin wani abokin aikinsa da ya yi gaggawa don Kirsimeti ta matso, ya jera kwalabensa a kabad kusa da tukunyar ruwan zafi. Cikin dare ɗaya ta fashe, ta tayar da na kusa da ita, da safe sai da filaya ya riƙa zare gilashi daga jikin ƙofar katako.

Ya ɗura da tiyo a hankali, daga gindin kwalba ruwan ke tasowa don kada ya haɗu da iska, ya bar wajen faɗin yatsu biyu a wuya. Ya ɗora murfin ƙarfe ya danne da wata 'yar na'ura mai hannu biyu. Murfin nan mai haƙora da muke gani a kan kowace kwalbar lemo, wani Ba'amurke ne mai suna William Painter ya ƙirƙiro shi a Baltimore a 1892, kuma har yau ba a sami abin da ya fi shi arha da riƙe iska ba. Kwalaben duk masu ruwan ƙasa ne, saboda hasken rana yana ɓata ɗanɗanon abin da ke ciki. Guda ɗaya tak ya ɗura a gorar roba. Ita ce ɗan leƙen asirinsa. Kullum da safe zai sauko ya matsa ta da yatsa. In ta yi tauri sannu a hankali cikin mako biyu, komai lafiya. In ta yi tauri cikin kwana biyu, to akwai matsala, sai a yi maza a sassauta murafun sauran. Ya jera su a kwali, ya lulluɓe da tsohon bargo don ko da wata ta fashe. Babu wadda ta fashe. Abokansa sun zo sun sha sun yaba, shi yana ta mitar cewa ba ta yi garau yadda yake so ba.

Wannan ilimi duka bai kai shekara ɗari biyu da fitowa fili ba. A 1856 wani mai masana'antar barasa a garin Lille na Faransa ya kai wa Louis Pasteur kukan cewa randunansa suna yin tsami. Pasteur ya duba a madubin ƙara girma, ya ga a randa mai kyau ƙwayoyin yis ne zagayayyu, a wadda ta lalace kuwa wasu ƙananan halittu ne masu kama da sanda. Daga nan ya nuna cewa ruɓewa da tsami aikin masu rai ne, kuma in aka ɗumama ruwan zuwa digiri 55 ko 60 aka rufe, sai su mutu ba tare da ɗanɗano ya tafi ba. A kan ruwan inabi da giya ya fara gwada wannan dabara, har ya rubuta littafi a kan giya a 1876. Madara daga baya ta ci gajiyar abin. Wato madarar kwali da muke ba yaranmu, hanyar tsare ta daga rumbun masu barasa ta fito. Wannan ba abin kunya ba ne, tarihi ne kawai.

Shekaru suka wuce, na dawo gida, ƙanwata a Zariya ta yanke shawarar fara sana'ar kayan sanyi da azumi, don albashin maigidanta ba ya kai su ƙarshen wata. Hannunta yana da daɗi, duk dangi sun shaida. Azumin kuwa ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Ta sayi gorunan roba buhu guda a wurin yaran da ke tsintowa, ta ɗauraye su da ruwa. Ta tafasa zoɓo da kanumfari, ta bari ya huce, ta markaɗa abarba ɗanya da citta ɗanya ta tace a ciki, ta zuba sukari ba ƙyashi. Ta yi kunun aya da dabino da kwakwa. Ta ɗura komai tun dare don gobe ta huta, ta jera a firji. Aka ɗauke wuta kafin sahur, ba a dawo da ita ba.

Da la'asar ta kira ni tana kuka. Gorunan zoɓon sun kumbura har gindinsu ya turo, ba sa iya tsayuwa. Ɗaya da ɗanta ya buɗe, murfin ya tashi ya bugi silin, jan ruwa ya fantsama a bango. Kunun ayan ya rabu biyu, ya yi yauƙi, yana wari.

"Yaya, wallahi hannu aka sa mini. Maƙwabciyata ita ma tana sayarwa, kuma jiya ta shigo ta ga ina ɗurawa."

Na ce mata ta bar baiwar Allah ta ji da azuminta. Ƙanwata ta yi duk abin da tsohon nan na Sheffield ya yi, ba tare da ta sani ba, kuma ta yi shi ninki-ba-ninki. Tafasa ta kashe duk abin da ke cikin zoɓon. Sai ta kawo abarba da citta ɗanyu, waɗanda bawonsu cike yake da yis na daji. Mutanen Meziko da bawon abarba da sukari kaɗai suke haɗa wani abin sha mai kumfa, Turawa kuma da citta suke tayar da nasu. Shi ya auna rabin cokali a kwalba, ita ta zuba abin da ya kai cokali biyar ko shida. Shi ya ajiye nasa a digiri 20, ita nata ya kwana ya wuni a firjin da ya zama akwatin zafi. Ga kuma gorunan da ba wanda ya san bakin da ya sha a cikinsu. Abin da yake jira mako biyu ya samu, ita ta same shi kafin a sha ruwa.

A nan ne nake ganin mun yi wa kanmu asara. Saboda mun ƙi giya, kuma daidai ne mu ƙi ta, sai muka haɗa har da sanin yadda take samuwa muka ƙi. Alhali magabata ba haka suka yi ba. Wanda ya karanta babin abin sha a littattafan hadisi zai ga mutanen da suka san wannan aiki ciki da waje. Ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dabino ko zabibi a ruwa. Nana A'isha ta ruwaito cewa wanda aka jiƙa da safe da yamma yake sha, wanda aka jiƙa da yamma kuma da safe. A ruwayar Ibnu Abbas da ke cikin Sahihu Muslim, bai wuce yammacin kwana na uku yana sha ba, abin da ya rage a ba wani ko a zubar. Da tawagar Abdul Ƙais ta zo Madina, cikin abin da aka hana su har da jiƙo a cikin duma, da koren tulu, da kututturen dabino da aka fafe, da mazubin da aka shafe da kwalta. Malamai sun bayyana dalili: irin waɗannan mazubai suna saurin juya abin da ke ciki, mai shi bai ankara ba. Salkar fata kuwa tana numfashi, in abu ya fara ƙarfi za ta nuna. Daga baya an sassauta, aka ce a sha a kowane mazubi muddin ba mai sa maye ba ne, amma Malikawa sun ci gaba da ƙin jiƙo a duma da mazubi mai kwalta, kuma duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya wuce ta kan wannan mas'ala. Mun haddace ta a matsayin hukunci. Ba mu cika tsayawa mu ga cewa magana ce a kan lokaci da zafi da irin mazubi ba, wato abubuwa ukun da dattijon nan yake aunawa. Ban san mazubin da ya kai gorar roba mai murfin murɗawa toshe numfashi ba.

Kuma ba sai mun je Ingila ko Hijaz ba. Mai kunun zaki da mai burkutu tafiyarsu ɗaya har tsakiyar hanya. Dukansu suna jiƙa hatsi, dukansu sun san amfanin tsiro, domin hatsin da ya tsira yana ɗauke da sinadarin da ke mayar da gari ya koma sukari. Shi ya sa kunun da aka sa wa tsiro yake tsinkewa ya yi zaƙi cikin dare. Mai kunu tana tacewa ta sayar a ranar. Mai burkutu tana dafawa ta bar shi ya ƙara kwanaki. Dawar ma ɗaya ce: tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya da na lemon malt suka koma sayen dawar manomanmu. Ku lura kuma, mai burkutu ba ta ɗura nata a kwalba ta ɗaure. A randa yake, a ƙwarya ake sha, don ta san yana kan aiki. A Zimbabwe da Zambiya, giyar dawa da masara da ake kira Chibuku a kwali ake sayar da ita, kuma da gangan ake barin 'yar kafa a saman kwalin don iska ta fita. Masu wannan sana'a sun san abin da ke hannunsu. Mu masu halal ne muke ɗaure murfi tamau mu ajiye a rana.

Kada a ɗauka ina cewa duk wanda ya sha kunun da ya kwana ya sha giya. Yawancin tsamin kunu aikin waɗancan halittu masu kama da sanda ne, irin masu mayar da madara nono, kuma ɗan abin da yis zai haifar a wuni ɗaya bai kai ya juya kan kowa ba. Inda iyakar take, wannan na malamai ne. Abin da ya fi kusa da mu shi ne ciki. Gorar da aka tsinto a bakin kwata ko bayan ɗakin biki, aka ɗauraye da ruwan da ba a san rijiyarsa ba, aka ɗura mata kunun aya wanda ba a tafasa shi ko sau ɗaya, ta isa ta kwantar da gida guda da gudawa ko taifot. Aya a ƙasa take girma, da ƙasarta take zuwa kasuwa, kuma kununta ba shi da tsamin da zai kare shi. Zoɓo yana da tsami na kansa, shi ya sa ya fi jurewa, shi ya sa kuma hodar hana lalacewa da ake kira sodiyam benzowet take aiki a cikinsa amma ba ta tsinana komai a kunun aya. Na ga mata suna saye a kasuwa suna barbaɗawa da ka, ba sikeli, a kan kowane irin abin sha. Hukumar NAFDAC tana nan tun 1993, amma ba za ta shiga kowane tsakar gida ba, kuma mai gora talatin a kula ba ta da kuɗin rajista.

Wata wahalar ita ce gorar roba ba ta jure tafasasshen ruwa, tana ganinsa take lanƙwashewa. Don haka hanyar da kakanninmu suka bi da ƙwarya da tukunya, ta wanki da ruwan zafi da shanyawa a rana, ba ta cika yi a nan ba. Sai dai omo da buroshi, sannan ɗan bilic a ruwa mai yawa, sannan ɗauraya da ruwan da aka tafasa ya huce. Aiki ne mai cin rabin yini, kuma ba wanda zai gani ya yaba.

Ƙanwata ba ta yarda da ni a ranar ba. Ta yarda ne bayan na sa ta ɗura gora biyu daga tukunya ɗaya, ɗaya an tafasa abarbar da cittar tare da zoɓon, ɗaya an zuba su ɗanyu, ta ajiye a kan taga inda maƙwabciya ba ta shiga, tana matsa su da yatsa safe da yamma. Yanzu komai na zoɓonta a wuta yake haɗuwa, har sukarin. Ta daina sayen gorunan tsintuwa, sababbi take sarowa daga Kano, abin da ya sa ta ƙara kuɗin kowace gora, wasu masu saye kuma suka koma wurin mai arha. Ba ta ɗurawa da dare. Tana tashi bayan asuba ta yi na ranar, ta sayi ƙanƙara a wurin masu injin sola, abin da ya rage bayan isha'i a rabar wa almajirai. Kunun aya kuwa ta cire shi daga talla gaba ɗaya, sai wanda ya yi oda ya faɗi lokacin da zai aiko a karɓa. Ribar ba ta kai yadda ta lissafa da farko ba, kuma har yanzu rabinta a kuɗin ƙanƙara take tafiya.